Ciwon kai da raguwar gani: don Allah ku daina tsayawa a kemis

A sashen kula da ido inda nake aiki, akwai marasa lafiyar da zuwansu ke tayar mini da hankali, domin kusan kullum a makare suke isowa. Mutum zai shigo riƙe da leda cike da kwalaben maganin ɗigawa da ragowar farasitamol, har da tabarau na sayen kasuwa, ya ce ya fi shekara yana fama da ciwon kai, yana yawan karo da bakin ƙofa, kuma ba ya ganin babur sai ya sha gabansa. Idan aka auna sai a tarar ƙwayar idon lafiyarta ƙalau, matsalar tana can ciki, a wata 'yar tsoka da likitoci ke kira fituwitari.

Wannan tsoka tana ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, can bayan hanci, girmanta bai wuce ƙwayar wake ba, amma ita ke sarrafa sinadaran da ke kula da girman jiki da haila da shayarwa da haihuwa. Jijiyoyin gani suna gittawa dab da samanta, saboda haka idan ƙari ya tsiro a jikinta ya haura santimita 1, yana iya danne su, sai ganin gefe ya fara tafiya a hankali tun kafin mutum ya ankara. Ku kwantar da hankalinku, mafi yawan irin wannan ƙari ba ciwon daji ba ne, kuma yana da magani.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, kowace alama ta bayyana sai mu nema mata abin saye. Kai ya yi ciwo, a sayi ƙwaya. Gani ya ragu, a sayi tabarau a bakin titi. Mace hailarta ta ɗauke, ruwan nono yana zuba alhali ba ciki ba goyo, sai a ce sanyi ne ko sammu, a yi ta ɗura mata jiƙe-jiƙe har shekaru su shuɗe ana zarginta da rashin haihuwa. Namiji ƙarfinsa ya ragu, kunya ta hana shi faɗa, ya koma wajen masu maganin maza. Wani zobe ya daina shiga yatsarsa, takalmi ya matse shi, muƙamuƙinsa ya ƙaru, a ce ƙiba ce. Haba jama'a! Mai kemis ba shi da na'urar da zai leƙa cikin ƙoƙon kai, kuma duk watan da aka ɓata a gaban kantinsa, jijiyar gani ce ke ƙara lalacewa, wadda idan ta mutu ba a farfaɗo da ita.

Ƙarin nan ba shi kaɗai yake zaune ba, domin jijiyoyin jini ne ke ciyar da shi, ƙwayoyin garkuwar jiki kuma suna kewaye da shi, har masana na nazarin yadda wannan mahalli ke sa wani ya zauna shiru, wani kuma ya kutsa cikin abin da ke kusa da shi. Ta yaya za a gane wane iri ne ta hanyar kallon fuska a kanti?

Na san kuɗin ɗaukar hoton cikin kai yana da nauyi, kuma na san da yawanku ba da gangan kuke jinkiri ba. Amma ku lissafa abin da kuka kashe a kemis cikin shekara guda. Irin ƙarin da ke sa zubar ruwan nono, sau da yawa ƙwayar kabagolin ko buromokiriftin ce ke rage girmansa ba tare da tiyata ba, idan kuma tiyata ta zama dole, galibi ta hanci ake bi, ba a fasa kai.

Ga abin yi: ku je asibiti a auna faɗin ganinku, a yi gwajin sinadaran jini, a ɗauki hoton MRI, wato hoton da ke nuna cikin kai, idan likita ya nema. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato suna da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya yanke don ya ji sauƙi. Idan kuwa ciwon kai mai tsanani ya faɗo farat ɗaya tare da amai da dishewar gani ko gani bibbiyu, a wuce da mutum sashen gaggawa a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne, kada a biya ta kemis.