Teburin kafinta mai ninkewa a jikin bango

Teburin kafinta mai ninkewa a jikin bango nau'in teburin aiki ne da ake ɗaure gefensa ɗaya a bango da hinji, a buɗe shi lokacin aiki, a kwantar da shi jikin bangon idan an tashi. An fi saninsa a Amurka da ƙasashen Turai, inda garejin ajiye mota na gida yake zama wurin ƙananan gyare-gyare, kuma dole teburin ya kauce kafin mota ta shiga. Sauran teburan kafinta nauyinsu ne yake hana su motsi idan ana yanka ko ana bugu. Wannan ba shi da nauyin kirki, bango ne yake riƙe shi, don haka ƙarfinsa bai wuce ƙarfin bangon da aka kafa shi ba.

Tarihi

Daga cikin tsofaffin shaidun teburin kafinta da ake da su akwai wani zanen bango na garin Herculaneum a Italiya, garin da aman wutar dutsen Vesuvius ya binne a shekarar 79 Miladiyya. Zanen, wanda aka fi sani ta kwafin da aka buga a ƙarni na 18, ya nuna wasu 'yan yara masu fukafukai suna jan zarto a kan benci gajere. An kuma tono irin waɗannan bencina daga rijiyoyin sansanin sojan Rumawa na Saalburg a Jamus, ana jin na wajen ƙarni na 2 ne. Falle ɗaya ne na katako mai kauri, an huda shi an cusa ƙafafu a karkace, tsawonsa bai wuce gwiwa ba. Kafinta yakan hau kansa ya danne aikin da nauyin jikinsa, ko ya tokare shi da turakun da ake sokawa a ramukan da ke jikin fallen. A jikin zanen na Herculaneum ana ganin wani ƙarfe mai siffar lamba 7 da ake zura ƙafarsa a rami a buge kansa da guduma, ya cije katako, a bugi bayansa ya saki. Har yau ana ƙera shi, kuma siffarsa ba ta sauya sosai ba.

A sassan duniya da yawa ma ba a damu da tebur ba. Kafintocin Japan sun saba aiki a ƙasa ko a kan wani dogon gungume da ake jinginawa, kamar yadda masassaƙan ƙasar Hausa suke sassaƙa turmi da akushi a zaune da gizago, ƙafa tana riƙe da icen.

Tebur mai tsayi, wanda ake aiki a kansa a tsaye, ya bazu a Turai ne daga ƙarshen tsakiyar zamani. Wani rubutun hannu na Martin Löffelholz daga birnin Nuremberg, mai ɗauke da shekarar 1505, ya nuna tebur mai abin matse aiki mai zare irin na sukuru, a gaba da kuma a gefe. A Landan, Joseph Moxon ya fara buga bayanin sana'o'in hannu kashi-kashi a wajen 1677 ko 1678, har da zanen teburin kafinta. Wanda ya fi shahara shi ne na André-Jacob Roubo, kafintan birnin Paris da ya wallafa babban littafinsa na kafinta tsakanin 1769 da wajen 1775. Saman teburinsa falle ɗaya ne mai kaurin inci 5 zuwa 6, ƙafafunsa kuma sun ratsa fallen sun fito ta sama, ta yadda ko an tura abin goge katako da ƙarfi teburin ba ya ko gezau. A Ingila, Peter Nicholson ya zana wani samfuri a 1812 da aka yi da siraran falankai na katako mai araha, aka ƙarfafa shi da faffaɗan katako a gaba da baya. Wannan shi ne ya fi kusa da masu ninkewa na yau, domin ƙarfinsa daga tsarin haɗi yake zuwa.

Dabarar ninkewa kuwa daga kayan ɗaki ta fito. Tebur mai fukafukai da ake saukewa ya yaɗu a Ingila tun ƙarni na 16 zuwa na 17. A farkon ƙarni na 20 William Lawrence Murphy na San Francisco ya yi rajistar gadon da ake tayarwa ya shige bango, kuma gidajen Amurka na shekarun 1920 da yawa suna da allon guga da ke fitowa daga ƙaramin kabad a bangon kicin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da unguwannin bayan gari suka yawaita, kowane gida da garejinsa, mujallun masu aikin hannu suka riƙa buga zanen teburan gareji iri-iri. Babu mutum ɗaya da ake dangantawa da ƙirƙirar na jikin bango. Ɗan'uwansa mai tsayawa da ƙafafunsa, wato Workmate, shi ne mai sanannen uba: Ron Hickman, haifaffen Afirka ta Kudu da ya yi aikin zanen motoci a kamfanin Lotus. An ce tunanin ya zo masa ne a farkon shekarun 1960 bayan ya yanke kujerar gidansa da zarto, ya ɗora katako a kanta yana aiki. Kamfanin Black & Decker ya fara sayar da shi a wajen 1973.

Yadda ake haɗa shi

Ginshiƙin aikin shi ne katakon da ake fara ɗaurewa a kwance a bango, wanda hinjin zai hau kansa. A gidajen Amurka bango ƙwarangwal ne na katako da aka lulluɓe da allon farar ƙasa, sandunan cikinsa suna da tazarar inci 16 tsakani, kuma dole dogayen sukurori su shiga cikin sandunan, domin allon shi kaɗai ba ya riƙe komai. A bangon bulo mai rami, irin inci 6 da inci 9 da ake gini da su a Nijeriya, ana neman inda bulon yake a cike, ko a huda bangon gaba ɗaya a ɗaure da noti da faffaɗan ƙarfe ta baya. Bangon ƙasa ba ya ɗaukar wannan aiki.

Saman teburin yawanci filawud ne mai kaurin milimita 18. Falle ɗaya, mai santimita 122 da 244, yana ba da yanki huɗu masu 122 da 61. Sai a manne biyu da gam su zama sama, ragowar a yi kanta ko allon rataye kayan aiki. Tsawon teburin daga ƙasa yakan kama daga santimita 85 zuwa 95. Masu aikin hannu sun fi son gajere, masu aikin inji sun fi son dogo, kuma ba a daidaita ba.

Wanda yake sauka ƙasa idan an ninke shi, faɗinsa ba zai kai tsawonsa daga ƙasa ba, in ba haka ba bakinsa zai daki daɓe. Wanda yake tashi sama yana rufe allon kayan aiki kamar murfi, amma yana buƙatar sakata mai ƙarfi, ko biyu ma, saboda idan ya suɓuce a kan yaro ba ƙaramin rauni zai yi ba.

Tallafin bakin gaba iri uku ne: ƙafafu masu hinji da ke sauka ƙasa, katako mai kusurwa uku da ake juyowa daga bango ya shiga ƙarƙashi, da matokaran ƙarfe na kanti masu kulle kansu. Ƙafafu sun fi aminci, domin suna kai nauyi ƙasa kai tsaye. Matokaran kuwa duk abin da aka ɗora a bakin teburin yana komawa fizgar sukurun sama daga bango, kuma a nan ne yawanci ake fara ganin sassauci. Da yake daɓen gareji yakan ɗan gangara zuwa ƙofa, ba a yanke ƙafafu sai an ɗaga saman an daidaita shi, sannan a auna kowace ƙafa a inda za ta tsaya. Ana barin 'yar tazara tsakanin katako da bango saboda kumburin damina.

Amfani

Ya dace da gyaran kayan lantarki, fenti, haɗa ƙananan kaya da yankan da bai da yawa. Ba ya jure dukan ƙarfe ko sassaƙa mai nauyi, kuma bugun da ake yi a kansa yana ratsa bango ya shiga ɗakin da ke baya. Ƙarfen matse aiki yakan hana shi kwanciya, shi ya sa wasu suke ɗaure ƙarfen a wani katako dabam, su ɗora shi a kan teburin lokacin da ake buƙata kawai.