Shin mai unguwa zai iya kama uba ko raba aure? Fashin baƙin dokar kare yara a Kebbi

Tun da aka fara gayyatar hakimai da dagatai tarukan hana auren wuri, magana ta bazu cewa an ba su ikon kama duk uban da ya aurar da 'yarsa ƙarama, su ci shi tarar naira 500,000. Ba haka abin yake ba.

Wannan kuɗi daga dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ya fito. Sashe na 21 ya hana auren wanda bai kai shekara 18 ba, sashe na 23 kuma ya sa tarar naira 500,000 ko ɗaurin shekara 5, ko duka biyun, a kan mijin da masu ruwa da tsaki. Sai dai a Abuja kaɗai take aiki kai tsaye, domin tsarin mulkin 1999 ya cire auren Musulunci da na gargajiya daga hurumin majalisar tarayya. Jiha ce ke yin tata dokar, Kebbi kuwa ta samu tata a 2022. Ita alƙali zai duba.

Ko a ƙarƙashinta, basarake ba alƙali ba ne. Ba ya cin tara, ba ya tsare mutum, ba ya warware auren da aka ɗaura. Aikin kotu ne wannan.

Ƙarfinsa kafin ɗaurin aure yake. Mai unguwa kan ji labari tun ranar kai kuɗin gaisuwa. A lokacin zai kira waliyyi da liman, a tambayi yardar yarinyar da ajin da take, a nemi dangin miji su jinkirta. Akwai madogara: dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9, daga firamare zuwa ƙaramar sakandare. In aka bari sai an karɓi sadaki an raba goro, uba zai ga janyewa zubar da mutunci ne, ya kafe.

Ɓarnar jita-jitar ita ce ta sa iyaye ɗaura aure a ɓoye a wani ƙauye, inda ba mai tambayar komai. Yarinyar ke biya. Ƙugun da bai gama girma ba kan jawo doguwar naƙuda, daga nan sai yoyon fitsari da jinya a cibiyar Gesse da ke Birnin Kebbi. Kuma tsoratar da manomin da makarantar garinsu ba malami da tarar da ba zai iya biya ba, ba adalci ba ne. A gyara masa makarantar tukuna.