Yis ne ko Fumfuna? Yadda Ake Gane Su a Ɗakin Gwaje-gwaje

Mene ne bambancin yis da fumfuna?

Dangi ɗaya ne, dukansu naman gwari ne. Yis ƙwaya ɗaya ce tak, tana hayayyafa ta hanyar fitar da toho a jikinta har ya ɓalle. Shi ke kumbura ƙullin burodi da fanke. Fumfuna kuwa zare take shimfiɗawa. Ita ce ke fitowa a kan gyaɗar da aka ɗura a buhu ba ta gama bushewa ba.

Idan aka kai samfuri ɗakin gwaji, da me ake farawa?

Da shuka shi a faranti. Na majinyaci akan ɗora shi kan wani abincin naman gwari da ake kira Sabouraud, na amfanin gona kuma kan wanda aka haɗa da dankalin Turawa da sukari. Yis kan tsiro cikin kwana ɗaya ko biyu, fumfuna kan ɗauki kwana 5 zuwa 7, masu kawo makero kuwa har makonni suke kaiwa. Yawancin fumfuna sun fi son zafin digiri 25 zuwa 28, abin da ɗaki a Zariya ba ya bayarwa a watan Afrilu sai da na'ura. Da hunturu kuma ƙura ce matsala: ka bar faranti a buɗe kaɗan, ka shuka abin da ba ka yi niyya ba.

Sai a duba launi, sama da bayan faranti. A cikin fumfuna, Aspergillus niger baƙa ce, Aspergillus flavus kore-kore mai ratsin ɗorawa. Daga nan a danna ɗan salatif a kan tsiron, a manna shi kan gilashi da ɗigon shuɗin rini, a sa a madubin likita. Aspergillus sanda ce mai kumburarren kai. Penicillium kai ka ce tsintsiyar laushi ce aka kifa. Irin Fusarium dogo ne, a lanƙwashe, mai gaɓa-gaɓa. Wanda idonsa ya saba ba ya ɓata lokaci a nan.

Yis fa, shi ma ido ya isa?

Da kyar, don kusan duk farare ne masu santsi. Akan sa shi a ruwan jini a digiri 37 na awa biyu zuwa uku. Idan ya fitar da ɗan siririn bututu, a ce Candida albicans ce. Cryptococcus kuma baƙar tawada ke fallasa kaurin rigarsa. Sauran sai a gwada irin sukarin da kowanne ke ci.

To me ya kawo karanta DNA?

Saboda kama da wane ba ta wane. Candida dubliniensis, wadda aka bayyana a 1995, ita ma tana fitar da wannan bututun. Candida auris, da aka fara ganowa a kunnen wata majinyaciya a Japan a 2009, ta sha rikita tsofaffin gwaje-gwaje suna ba ta sunan wata, alhali tana bijire wa magunguna. Candida krusei ko kallon maganin fluconazole ba ta yi. Kuskuren suna a asibiti kuskuren magani ne.

Yaya ake yin sa?

Ana fasa ƙwayar a tace DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadon halitta, a ninka wani ɗan yanki da na'urar PCR, sannan a karanta jerin haruffansa huɗu: A, C, G, T. Yankin da aka fi amfani da shi shi ne ITS, wanda masana suka tsayar a 2012 a matsayin lambar shaidar naman gwari. Sai a ɗora jerin a intanet, a kwatanta da na rumbun GenBank na Amurka.

Idan kwamfuta ta ce sun dace kashi 99 cikin 100, an gama ke nan?

Ina! Nan ɗalibai masu aikin kammala digiri suka fi zamewa. ITS ba ya iya raba Aspergillus flavus da Aspergillus oryzae, wadda Japanawa ke haɗa abinci da ita. Sai an ƙara da wani yanki kamar calmodulin ko beta-tubulin. Ga Fusarium kuma TEF1 ake karantawa. Sannan GenBank kowa na zuba nasa, da akwai jerin da aka liƙa wa sunan da ba nasa ba. Idan kuma farantinka tun farko cakuɗe yake, sakamakon ma a cakuɗe zai dawo. A ganina duk wanda na'ura ta ba shi sunan da ya saɓa wa abin da ya gani a madubi, to ya koma kan farantinsa kafin ya rubuta komai.

Me manomin gyaɗa ko masara zai ƙaru da shi?

Gyaɗa da masara na cikin amfanin da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ke aiki a kansu, kuma su Aspergillus flavus ta fi so. Gubarta, aflatoxin, ta fito fili ne bayan 1960, lokacin da talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila sakamakon cin abinci mai tunkuzar gyaɗa. Tana kuma jawo kansar hanta. Sai dai ba kowace Aspergillus flavus ke yin guba ba. Aflasafe da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar, da marasa gubar aka yi shi, ana watsa shi a gona su danne masu gubar. Don haka sanin sunan fumfunar da ke buhunka bai gaya maka ko ƙuli-ƙulin zai ciwu ba. Wannan sai an auna gubar ita kanta.