Tallafin Gwamnati ga Ma'aikatan Masaƙu a Gana

Tallafin ma'aikatan masaƙu shi ne duk wani taimako da hukuma ke bayarwa ga waɗanda suka rasa aikinsu a masana'antar saƙa da ɗinki saboda shigowar kayan waje masu araha. A wasu ƙasashe akwai doka ta musamman a kan haka. Amurka ta kafa nata shirin a 1962, ta faɗaɗa shi a 1974, inda ma'aikacin da aka tabbatar cinikin waje ne ya raba shi da aikinsa ya riƙa samun kuɗin kashewa na wani lokaci da horo a kan sabuwar sana'a, har wa'adin shirin ya ƙare a 2022. Gana ba ta da irin wannan doka. Kusan duk abin da gwamnatocinta suka yi sun yi shi ne domin ceto masaƙar kanta, shi kuwa ma'aikacin da aka riga aka sallama sai ya nemi mafita da kansa.

Tasowar masaƙu da durƙushewarsu

Bayan samun 'yancin kai a 1957, gwamnatin Kwame Nkrumah ta ɗauki manufar ƙera abin da ƙasa ke buƙata a cikin gida. Manyan masaƙu sun taso a shekarun 1960: GTP a Tema, masaƙar Akosombo wadda aka fi sani da ATL, da ta Juapong a yankin Bolta mai saƙa akoko, wato farin yadin da ake buga zanen atamfa a kansa. A Akara akwai Printex, wadda tsohon sunanta Spintex ya zama sunan babban titin da take kai. Kamfanin Cha na Hong Kong da ya kafa ATL shi ne ya kafa masaƙar UNTL a Kaduna, shi ya sa labarin Akosombo ba baƙo ba ne ga duk wanda ya san yadda masaƙun Kakuri a Kaduna suka durƙushe.

A 1977 masaƙun ƙasar suna ɗauke da ma'aikata kusan 25,000. Zuwa 1995 sun koma kusan 7,000, a 2005 kuma ba su kai 3,000 ba. Raguwar ta fara ne tun ƙarshen shekarun 1970, lokacin da ƙarancin kuɗin waje ya hana sayo auduga da rini da kayan gyaran injuna. Daga 1983 gwamnatin Rawlings ta shiga shirin farfaɗo da tattalin arziki bisa sharuɗɗan Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, aka buɗe kasuwa, kayan waje suka kwararo. Abin da ya fi yi wa masaƙun illa daga baya shi ne atamfar da ake bugawa a ƙasar Sin. Akan kwaikwayi zanen GTP ko ATL har da tambarin da ke gefen yadi, a sauke kayan a tashar ruwan Lome, a shigo da su ta Aflao ko ta barauniyar hanya ba tare da biyan kwastam ba. Masaƙar da ta biya mai zane, ta biya wuta da haraji da albashi, ba za ta iya sayarwa a farashin wanda bai biya ko ɗaya ba. Masaƙar Juapong ta rufe a 2005, daga baya gwamnati ta sake buɗe ta da sunan Volta Star.

Abin da doka ta tanadar wa ma'aikaci

Madogarar wanda aka sallama ita ce Dokar Ƙwadago ta 2003, mai lamba 651. Sashe na 65 ya wajabta wa kamfanin da zai rage ma'aikata ya sanar da babban jami'in ƙwadago da ƙungiyar ma'aikata wata 3 kafin lokacin, kuma ya biya kuɗin sallama. Sai dai dokar ba ta yanke adadin kuɗin ba, ta bar shi ga ciniki tsakanin kamfani da ma'aikata ko ƙungiyarsu, in an kasa daidaitawa a kai ƙara Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa. A nan raunin yake, domin kamfanin da ke rage ma'aikata galibi shi ma aljihunsa ya bushe, kuma mai neman haƙƙinsa a hannun wanda ya karye sai ya yi haƙurin jira. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da ɗinki da fata, TGLEU, ita ce ke tsaya musu a irin wannan zama, kuma jagoranta Abraham Koomson ya daɗe yana kokawa a kan fasa-ƙwauri.

Akwai fanshon SSNIT, hukumar fanshon ma'aikata ta ƙasa, amma ba a fara cin sa sai mutum ya kai shekarun ritaya. Magidanci mai shekara 45 da ya ƙare ƙuruciyarsa a gaban injin saƙa ba shi da abin da zai riƙe shi tsakanin ranar sallama da ranar fansho. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnati ta yi shelar kafa inshorar rashin aikin yi, amma guguwar sallamar ma'aikatan masaƙu ta riga ta wuce da shekaru masu yawa.

Matakan ceto masana'antar

A 2004 gwamnatin John Kufuor ta ƙaddamar da shirin sanya tufafin gida ranar Juma'a a ofisoshi. Shirin ya karɓu ƙwarai, ya kuma kawo wa teloli aiki, amma babu mai duba ko atamfar da ma'aikacin banki ya ɗinka a Tema aka buga ta. Gwamnatin ta kuma tallafa wa kamfanonin ɗinki masu fitar da kaya zuwa Amurka a ƙarƙashin dokar AGOA ta 2000, wadda ta ba kayan Afirka damar shiga kasuwar Amurka ba tare da biyan kwastam ba. A 2010 Ma'aikatar Ciniki ta kafa kwamitin kama atamfar jabu, wanda ya riƙa ƙwace kaya yana ƙonawa. Daga 2019 aka cire harajin VAT a kan yadin da aka yi a gida na tsawon shekara 3, aka kuma tsawaita wa'adin bayan ya cika.

A zangunan Akara da Kumasi

Alaƙar Hausawa da cinikin tufafi a wannan ƙasa ta girmi masaƙun nesa ba kusa ba. Fataken Kano suna kai baƙin yadi da riguna kasuwar Salaga su koma da goro tun kafin zuwan Turawa, kuma jikokinsu da sauran mazauna zango suna cikin harkar har yau, a Nima da Mamobi da Sabon Zango a Akara, da Asawase da Aboabo a Kumasi. Mafi yawansu teloli ne da masu surfani da 'yan kasuwa, saboda haka matsalar ta zo musu ta fuska biyu.

Hajiya mai rumfar atamfa a Makola ko Kejetiya tana ajiye GTP a saman kantar rumfarta domin masu haɗa lefe, amma cinikin yau da kullum na ta Sin ne. Mai saye takan murza gefen yadin da yatsu, ta duba bayansa ta ga ko rinin ya ratsa, sannan ta tambayi kuɗi, kuma sau da yawa kuɗin ne ke yanke hukunci, musamman in anko ne da mata da yawa za su ɗinka. Shi ya sa duk lokacin da jami'ai suka shiga kasuwa kame, 'yan kasuwa kan ce a tare kayan a kan iyaka, a daina bin mai rumfa da ta saya da jarinta. Wannan ƙorafi yana da hujja.

Tela kuwa atamfa mai araha tana ƙara masa aiki, gwanjo ne ke rage masa. Kasuwar Kantamanto a Akara tana karɓar dilolin tufafin da aka riga aka sa daga Turai da Amurka da Asiya, miliyoyin guda a kowane mako, kuma rigar da aka ciro daga dila ta fi kuɗin ɗinki kaɗai araha. Wasu teloli sun koma gyaran gwanjon, suna rage wando suna sake wuyan riga a bakin kasuwar. Irin waɗannan ba su da takardar ɗaukar aiki, don haka sashe na 65 bai shafe su ba. Abin da ke kusa da hannunsu shi ne adashi, da ƙananan rance irin na hukumar gwamnati ta MASLOC da aka kafa a 2006, da horon sana'a da Asusun Raya Zanguna na 2017 ya sa a cikin ayyukansa. Gobarar da ta cinye babban ɓangaren Kantamanto a farkon Janairun 2025 ta haɗa da kekunan ɗinkinsu da dilolin da aka ɗauko bashi.