Wanda ya maƙale a mota bayan haɗari: me ke kashe shi, me ke cetonsa?

Da gaske ne wanda ya maƙale ya fi wanda ya fito da ƙafarsa shiga haɗarin mutuwa?

Gaskiya ne. Bugun da zai lanƙwasa ƙarfe har ya danne mutum ba ƙaramin bugu ba ne, kuma jiki ma ya sha irinsa. Wani bincike a Ingila kan waɗanda haɗarin mota ya raunata daga 2012 zuwa 2018 ya gano kusan kashi 9 cikin 100 na waɗanda suka maƙale sun rasu, alhali a sauran kashi 5 ne. Can ke nan, inda motar asibiti ke isowa da wuri. Sai ka kwatanta da bas ɗin da ta shige ƙarƙashin tirela da daddare a wajen Katari ko Rijana, kan hanyar Kaduna zuwa Abuja.

Ba karyewar ƙashin baya ce babbar matsalar ba?

Ita aka fi tsoro, amma a binciken nan waɗanda lakarsu ta taɓu ba su kai ɗaya cikin 100 ba. Abin da ke ɗauke mutum shi ne raunin kai, da na ƙirji inda sitiyari ya doka, da jinin da ke zuba ta ciki, musamman in ƙashin ƙugu ya karye. Wannan jinin ba a ganinsa. Mutum yana magana, yana salati, kowa ya ce da sauƙi, can sai a ga ya yi fari, gumi mai sanyi yana keto masa. Maganinsa yana ɗakin tiyata, a asibitin Barau Dikko na Kaduna ko na Shika a Zariya, don haka kowane minti da aka ɓata a bakin titi jini ne ake asara.

Mu da muka fara isa wurin, me za mu yi?

A kashe injin, a kori mai sigari. A kira 122, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra, ko 112. Inda jini ke tsartuwa a danne da tsumma mai tsabta, kada a ɗaga hannu don leƙawa. Wanda yake cikin hayyacinsa kuma zai iya fitowa da kansa, a buɗe masa hanya ya fito a hankali. Wanda ƙarfe ya riƙe kuwa, ƙarfen ake janyewa, ba a fizgo mutum. Da yawa sun zo da kyakkyawar niyya, da gatari da adda, suka ƙara wa mai rauni rauni. In fetur ya zube, tartsatsi ɗaya ya isa.

Masu ɗaukar bidiyo kuma, don Allah, ku matsa.

A ba shi ruwa? Ai yana roƙo.

A'a. Zai iya shaƙewa, kuma wataƙila tiyata ke jiransa. Sheƙa masa ruwa a jiki ma kuskure ne, ballantana da hunturu: jikin da ya yi sanyi jininsa ba ya daskarewa da kyau. A lulluɓe shi.

In ƙafa ta daɗe a danne fa?

Naman da ya murƙushe yana tara guba. Da an ɗage nauyin sai ta bi jini, ta iya tsayar da zuciya ko ta lalata ƙoda. Shi ya sa ma'aikatan lafiya kan sa ƙarin ruwa ta jijiya tun kafin a ɗaga. Ko ya fito yana cewa lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti, a gaya wa likita awa nawa ya yi a danne.