Ɗafa-goshin Korewa a Harshen Turanci

Ɗafa-goshin korewa wata 'yar gaɓa ce da ake liƙawa a farkon kalma domin a kore ma'anarta ko a juya ta. Inda Bahaushe zai ɗauko kalma mai zaman kanta ya ce "rashin adalci" ko "maras kirki", Bature yakan manna wannan gaɓa a goshin kalmar, sai "just" ta koma "unjust", "kind" kuma ta koma "unkind". Waɗanda suka fi yawo a baki da rubutu su ne un-, in-, dis-, non- da a-, kuma tarihin harshen ne ya jawo yawansu, domin wasu gādonsu ya yi, wasu kuma aro.

Un- shi ne ɗan gida, yana nan tun zamanin Tsohon Turanci, kuma har yau Jamusanci yana amfani da irinsa. In- daga Latin ya fito, kalmomi da dama da ke ɗauke da shi sun shigo ta hanyar Faransanci bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066. A- kuwa na Girkanci ne, yakan zama an- a gaban wasali, shi ya sa aka fi ganinsa a kalmomin ilimi da likitanci irin su "atheist", "anonymous" da "anaemia". Masana tarihin harsuna sun nuna cewa waɗannan ukun kakansu ɗaya ne a tsohon harshen da ya haifi dangin harsunan Indiya da Turai.

In- yana sauya kama gwargwadon baƙin da ke biye da shi, abin da masana ke kira naso. A gaban b, m da p yakan zama im-, kamar a "impossible". A gaban l ya zama il-, kamar a "illegal". A gaban r kuma ya zama ir-, kamar a "irregular". Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai jin Hausa, domin wanda ya rubuta "gidan Bala", in ya zo faɗa "gidam Bala" ne zai fito daga bakinsa.

Akwai ƙa'idar da ake koya wa ɗalibai, wai un- na kalmomin asali ne, in- kuma na waɗanda suka zo daga Latin. Tana taimakawa, amma ba ta kai mutum gaci, domin saiwa ɗaya takan ɗauki un- a sifa, ta ɗauki in- a suna: "unable" da "inability", "unjust" da "injustice", "unequal" da "inequality". Turawan kansu sun daɗe suna kai-kawo a kan wannan. Takardar shelar 'yancin kan Amurka ta 1776 ta rubuta "unalienable", alhali a yau "inalienable" ce aka fi amfani da ita.

Inda aka fi samun tuntuɓe shi ne kowane daga cikin un- da in- yana da takwara mai kama da shi a rubutu amma asalinsu daban. Un- ɗin da ke hawa kan aikatau warware aiki yake nunawa, kamar "untie", kwance abin da aka ɗaure, da "unlock", buɗe abin da aka kulle. Shi kuwa in- na biyu ma'anarsa "ciki", shi ne ke cikin "include" da "import", kuma shi ne ke cikin "inflammable". Duk wanda ya taɓa bin bayan tankar mai a kan titi zai iya tuna jan rubutun nan da ke jikinta, "Highly Inflammable". Ɗalibin da ya haddace cewa in- korewa yake yi zai iya ɗauka cewa abin da ke ciki ba ya kama wuta, alhali gargaɗi ake yi masa cewa nan da nan yake kamawa, domin kalmar ta fito ne daga aikatau na Latin mai nufin cinna wuta. Haɗarin wannan ruɗani ne ya sa masu kula da kariya daga gobara suka fifita "flammable" a kan alamun gargaɗi, suka bar "non-flammable" ga abin da ba ya cin wuta. Wannan gyara ne da ya dace ƙwarai, tunda rai ne ke cikin haɗari. "Invaluable" ma takan ruɗar da mai koyo, duk da cewa in- ɗinta na korewa ne: tana nufin abin da darajarsa ta fi gaban a yi masa kuɗi.

Haka kuma ɗafa-goshin ba su zama ɗaya ba wajen nauyin ma'ana. Non- rarrabewa kawai yake yi ba tare da yanke hukunci ba, un- da in- kuwa sukan zo da zargi. Mutumin da aka kira "non-professional" an ce ne aikin ba sana'arsa ba ce, amma wanda aka kira "unprofessional" an tuhume shi da saɓa ƙa'idar sana'a. "Immoral" na nufin abin da ya keta kyawawan ɗabi'u, "amoral" kuma abin da ba ruwansa da batun ɗabi'a gaba ɗaya. A rubutu na tsanaki ana so alƙali ya zama "disinterested", wato maras son rai a shari'ar, kada ya zama "uninterested", wanda bai damu da ita ba.

Masanin harshe ɗan ƙasar Denmark, Otto Jespersen, ya lura tun a 1917 cewa un- ya fi hawa kan sifofin yabo, shi ya sa ake cewa "unhappy" da "unclean" amma ba a cewa "unsad" ko "undirty". Akwai kuma kalmomin da korarriyar siffarsu ta rayu bayan saiwar ta kusa ɓacewa daga bakin jama'a. "Uncouth", wadda a yau ke nufin maras ladabi, ta fito ne daga tsohuwar kalma mai nufin sananne, don haka ma'anarta ta farko ita ce wanda ba a sani ba. "Unkempt" kuma, da ake faɗa wa mutum buzu-buzu, asalinta gashin da ba a taje ba.