Ƙarfe Ba Ya Karyewa Haka Kawai: Tambayoyi da Amsoshi Kan Binciken Karayar Ƙarfe

Idan gada ta rufta, ko ƙafar jirgin ƙasa ta fashe, ko injin jirgin sama ya tarwatse a sararin samaniya, bayan masu aikin ceto sun gama nasu akwai wasu mutane da ke zuwa da safar hannu da kyamara suna tsintar gutsattsarin ƙarfe. Injiniyoyi ne masu binciken karaya. Abu biyu suke nema: inda karayar ta soma, da abin da ya jawo ta.

Ƙarfen da ya yi shekaru yana ɗaukar kaya lafiya lau, me zai sa ya karye rana ɗaya alhali ba a ƙara masa nauyi ba?

Sau da yawa gajiya ce. Duk wanda ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya har ta tsinke ya ga farkon bayanin. Bambancin shi ne a cikin injin ko gada ba sai an lanƙwasa ƙarfen ido na gani ba. Nauyi kaɗan, wanda bai kai ya karya shi a karo ɗaya ba, idan yana hawa yana sauka sau dubbai ko miliyoyi, zai buɗe 'yar tsaga a wani lungu. Kowane zagaye tsagar na ƙara ɗan tsawo, har ranar da sauran ƙarfen da bai tsage ba ya kasa riƙe kayan.

Jiragen ƙasa ne suka fara koya wa injiniyoyi wannan. A watan Mayun 1842, sandar ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun kan wani jirgi ta karye a hanyar Versailles zuwa Paris a Faransa, taragai suka hau juna, wuta ta tashi, mutum fiye da 50 suka rasu. Daga baya wani injiniyan jirgin ƙasa a Jamus, August Wöhler, ya shafe shekaru yana juya sandunan ƙarfe a ƙarƙashin nauyi iri-iri yana ƙirga zagayen da kowanne ke yi kafin ya karye. Abin da ya gano har yau da shi ake aiki: gwargwadon rage nauyi, gwargwadon daɗewar ƙarfe. Baƙin ƙarfe iri da yawa yana da wata iyaka wadda idan nauyi bai wuce ta ba, zai yi ta aiki kusan ba ƙarshe. Alminiyam ba shi da irin wannan iyaka a fili, shi ya sa ake ƙirga wa jirgin sama tashi da saukarsa, ba shekarunsa kawai ba.

Me mai bincike ke fara yi idan ya isa wurin?

Hana mutane taɓa abu. Kusan duk wanda ya ga ƙarfe ya rabe biyu, hannunsa na ƙaiƙayin ya haɗa su ya ga ko za su zauna daidai. Wannan haɗawar tana goge alamomin da ake nema, don wasunsu ba su kai kaurin gashi ba. Haka ma wankewa, ko kankare tsatsa, ko yanke ƙarfen da wutar walda kusa da karayar, wanda ke canza yanayin cikinsa. Ana ɗaukar hoto tun kafin a motsa komai, a naɗe gutsattsarin, a kare su daga laima. Sannan a nemi takardu: zanen asali, shaidar irin ƙarfen da aka saya, tarihin gyare-gyare, da bayanin waɗanda ke aiki da injin. Ma'aikacin da ya ce ya daɗe yana jin wata ƙara shaida ne babba.

To me ake karantawa a fuskar karaya?

Nan ne zuciyar aikin. Ƙarfen da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa a karo ɗaya, idan mai jurewa ne, yakan miƙe, ya sirance a tsakiya, sannan ya tsinke. Fuskarsa takan yi duhu-duhu da kaushi, a ƙarƙashin na'urar ƙara girma kuma a ga ƙananan ramuka birjik. Wanda ya karye ƙwas ba tare da miƙewa ba, fuskarsa a baje take tana ƙyalli, sau da yawa da zane-zane masu tsini waɗanda tsininsu ke nuna inda karayar ta taso. Mai bincike sai ya bi su baya.

Karayar gajiya ita ce ta fi ba da labari. Takan kasu kashi biyu. Akwai ɓangare mai santsi, wani lokaci har ya yi tsatsa saboda ya daɗe a buɗe, ɗauke da layuka masu lanƙwasa, ɗaya bayan ɗaya, suna faɗaɗa daga wuri guda. Kowane layi alama ce ta lokacin da aka tsayar da injin ko nauyin ya canza. Sai kuma ɓangare mai kaushi, sabo fil, wanda ya yage cikin daƙiƙa guda a ƙarshe. Girman kowanne ma magana ce: idan ɓangaren ƙarshe ƙarami ne, nauyin bai yi yawa ba, tsagar ce ta yi ta cin ƙarfen har ya kusa ƙarewa, idan babba ne, kayan sun yi nauyi. Da na'urar ƙara girma mai amfani da ilektiron ana ganin wasu layukan da ido ba ya gani, waɗanda a wasu ƙarafa kowanne ke daidai da zagaye ɗaya na nauyi. Ta nan ake iya kimanta tsawon lokacin da tsagar ta ɗauka tana tafiya, a kuma tambayi ko tana nan ranar da aka yi duban ƙarshe.

Me ya sa tsaga ke son kusurwa da rami?

Saboda a nan ƙarfin ja ke taruwa. Yadi mai ƙwari ba ya yaguwa da hannu, amma a ɗan tsaga bakinsa da almakashi, sai ya tafi har ƙarshe. Ramin noti, kusurwa mai kaifi, karcen da injin sassaƙa ya bari, bakin walda, duk irin wannan aiki suke yi.

Jirgin Comet na kamfanin de Havilland a Ingila, jirgin fasinja na farko mai injin jet, shi ne misalin da kowane ɗalibin injiniya ya sani. A ranar 10 ga Janairun 1954 ɗaya ya tarwatse a sama kusa da tsibirin Elba na Italiya da mutum 35. A watan Afrilu wani ya bi sahu kusa da Naples da mutum 21. Masu bincike a cibiyar binciken jiragen sama ta Farnborough a Ingila suka gina wani ƙaton tanki, suka saka gangar jikin wani Comet ɗin a ciki, suka riƙa cika shi da ruwa da matsi suna sassautawa, kamar yadda ake matse iska a cikinsa duk lokacin da ya hau sama. Da gangan suka zaɓi ruwa: iska idan ta fasa abu tarwatsa shi take yi, ruwa kuwa ba ya matsuwa, don haka jikin zai tsage ne kawai ya bar shaida. Da aka haɗa tafiye-tafiyen da jirgin ya yi a baya da na cikin tanki, a zagaye na 3,057 ya tsage daga kusurwar wata ƙofar gaggawa. Tarkacen jirgin Elba da aka tsamo daga teku ya nuna irin wannan. Mutane na yawan cewa tagogin fasinja masu kusurwa huɗu ne suka kashe Comet, amma an taƙaita labarin fiye da kima: a jirgin Elba tsagar ta taso ne daga gefen wata ƙaramar taga a rufin jirgin, wadda aka yi wa eriya.

Gaskiya ne sanyi na karya ƙarfe?

Wasu ƙarafa, ƙwarai kuwa. A Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta ƙera jiragen ruwan dakon kaya 2,710 da ake kira Liberty, da walda maimakon ƙusoshi, don sauri. Da yawa suka tsage a ruwan sanyi, wasu suka rabe biyu. Wani jirgin dakon mai, Schenectady, ya karye gida biyu a Janairun 1943 yana ɗaure a tashar Portland ta Amurka, ruwa a kwance. An ɗora laifi kan masu walda. Constance Tipper ta Jami'ar Cambridge ta nuna cewa ƙarfen da kansa yana da wani ma'aunin sanyi wanda daga shi zuwa ƙasa yake daina miƙewa, ya koma mai karyewa ƙwas. Rawar da walda ta taka ita ce ta mayar da jikin jirgin abu guda, tsaga ta samu hanya ba shamaki, alhali a jirgi mai ƙusoshi takan tsaya a bakin faranti. Alminiyam da jan ƙarfe ba su da wannan hali.

Tsatsa fa? Ai ita ana ganin ta.

Wadda ake gani ita ce mai sauƙi. Mai haɗarin ita ce wadda ke haɗa kai da ƙarfin ja. Sojojin Birtaniya a Indiya sun sha ganin kwanson harsashi na tagulla yana tsagewa bayan damina, har aka gano cewa ammoniya daga fitsarin dawaki a bargar da ake ajiye harsasan ce ke haɗuwa da matsin da ya rage a tagullar tun daga ƙira. Gadar Silver da ke kan kogin Ohio a Amurka ta faɗi ranar 15 ga Disamban 1967, mutum 46 suka mutu, saboda wata tsaga mai zurfin kimanin milimita 2.5 a cikin idon wani ƙarfe guda na sarƙar da ke riƙe da ita, a wurin da ba a iya gani sai an kwance gadar. Wannan hatsari ne ya haifar da dokar duba gadoji a ƙasar baki ɗaya. Iskar haidirojin ma na shiga ƙarfe mai tauri ta raunana shi: a 2013, manyan sandunan ɗauri 32 cikin 96 a sabuwar gadar San Francisco zuwa Oakland a Amurka sun karye jim kaɗan bayan an ɗaure su.

Zafi kuma?

A cikin zafi mai tsanani ƙarfe na miƙewa sannu a hankali ko da nauyin bai canza ba. Matsalar fukafukan cikin injin jet ce da bututun tururi a tashar lantarki, kuma saboda ita ake musu gaurayen ƙarfe na nikel.

Me ake yi a ɗakin gwaji bayan kallon karayar?

Ana auna sinadaran ƙarfen a ga ko shi ne wanda zane ya ce. A yanko ɗan yanki, a goge shi, a zuba masa ruwan asid, a duba tsarin ƙwayoyinsa don sanin ko an gasa shi an sanyaya yadda ya kamata. A auna taurinsa. A ja wani yanki har ya tsinke, a doki wani da guduma mai lilo a sanyi iri-iri. Wani lokaci duk wannan ya fito lafiya lau, sai hankali ya koma kan zane.

Ke nan ba kullum ne laifin ƙarfen ba?

A ganina rahoton da ya tsaya a kan "gajiyar ƙarfe ce" rabin aiki ya yi. Ya faɗi yadda abin ya karye, bai faɗi dalili ba. Dandalin Alexander Kielland, masaukin ma'aikatan mai a Tekun Arewa kusa da Norway, ya kife a Maris 1980, mutum 123 suka mutu. Tsagar gajiyar ta taso ne daga wata 'yar walda da aka liƙa wata ƙaramar na'ura da ita a jikin ƙarfen da ke tokare ƙafa ɗaya, kuma an samu fenti a cikin tsagar, alamar tana nan tun lokacin ƙira. A otal ɗin Hyatt Regency na Kansas City a Amurka kuwa, a 1981, mutum 114 suka mutu da wasu gadojin tafiya na cikin gini suka rufto. Ba gajiya, ba tsatsa. An canza zane ne daga doguwar sanda ɗaya zuwa gajeru biyu, nauyin da ke kan mahaɗa guda ya ninka, ba kuma wanda ya sake lissafi.

Ana iya gano tsaga kafin ta yi ɓarna?

Ana iyawa, ba tare da an lalata kayan ba. Akwai ruwa mai launi da ake shafawa ya shige tsaga sannan ya fito fili, akwai garin ƙarfe da maganaɗisu, akwai sautin da kunne ba ya ji da ake aikawa cikin ƙarfe a saurari dawowarsa, akwai hoton eksire. Injiniyoyi na lissafa saurin tafiyar tsaga su tsara lokutan duba yadda za a samu damar kama ta fiye da sau ɗaya kafin ta kai girman haɗari.

Sai dai mutum ne ke dubawar. A Yulin 1989 wani faifan titaniyam a injin jirgin saman kamfanin United na Amurka mai lamba 232 ya fashe, jirgin ya faɗi a Sioux City, mutum 112 suka mutu cikin 296. Asalin matsalar wani ɗan ƙulli ne mai tauri da ya shiga ƙarfen tun lokacin narka shi. Masu bincike sun kuma tarar da ragowar ruwan gwajin nan a cikin tsagar, wato tana buɗe lokacin duban ƙarshe, ruwan ya shige ta, mai duba bai gan ta ba. Rahoton hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ya ɗora alhakin kan tsarin duba da bai yi la'akari da iyakar abin da ɗan Adam ke iya lura da shi ba.